Auta da Lambar da Ta Daina Motsi

Shekara biyar na yi ban taka gida ba. Ina can ina aikin kafa turakun sadarwa, yau a wannan gari, gobe a wancan. Ranar da na dawo, sai da na tsaya a waje na sake duba lambar gidan.

An canza wa ƙofa fenti. An sare bishiyar da nake hawa ina yaro. Famfon tsakar gida ya koma bayan kicin. Gemun Abba ya yi furfura. Kaka ta sa tabarau, kuma ta ce tun daga nesa ta hango na rame. Ƙanwata Auta, wadda na bari da giɓi a baki, yanzu tana aji biyar. Har gyara mini magana take yi.

Amma babban abin da ya canza shi ne ɗakina.

Na tura ƙofa da jakata a kafaɗa. Babu gadona. A wurinsa ga wani farin akwati mai ɗan gilashi a gaba, yana gurnani a hankali.

"Umma, ina gadona?"

"Yana ɗakin baƙi," in ji Umma. "Ai kai ma baƙon ne."

Auta ta kama hannuna ta ja ni gaban akwatin.

"Yaya, leƙa ka gani. Injin ƙyanƙyasa ne. Ƙwai arba'in da takwas ne a ciki. In sun yi kwana ashirin da ɗaya, sai su zama 'yan tsaki. Yau kwanansu goma."

Na leƙa. Ga ƙwai nan a jere, ga wani ɗan ma'aunin zafi na gilashi a gefe.

"Wannan ne karon farko da Umma ta sa," in ji Auta. "Ba sa son sanyi. In suka huce da yawa, shi ke nan, ba za su fashe ba."

"To in an ɗauke wuta fa?"

Ta nuna mini ƙarƙashin tebur. Wani baƙin akwati ne mai nauyi.

"Batirin ajiya. In wuta ta tafi, shi yake riƙe injin har awa huɗu. Kafin ya ƙare, Abba ya tayar da janareta."

Kamar ya ji ana maganarsa, sai baƙin akwatin ya fara ƙara. Tit. Tit. Tit.

Daga ɗaki muka jiyo muryar Kaka.

"Ga shi nan ya fara. Wuta ta zo, ya yi kuka. Wuta ta tafi, ya yi kuka. Ko jinjiri bai kai shi rigima ba. Kai Sarkin Yawo, tunda an ce ka yi ilimin waya, zo ka rufe masa baki."

Ni mutum ne da ba na iya zama wuri ɗaya. Ko ruwa ban gama sha ba na tsuguna gaban batirin. A bayansa na ga wani ɗan rami. Na san wannan ramin. Idan aka haɗa shi da kwamfuta, batirin zai riƙa faɗa mata halin da yake ciki.

Tsohuwar kwamfutar Abba tana kan teburin, an lulluɓe ta da zane. Na kakkaɓe ta. Na ciro wani siririn kebul daga jakata. Na sa baki ɗaya a bayan batir, ɗayan a bayan kwamfuta. Na sa mata ita ma ta riƙa shan wuta daga batirin. Na ɗan yi danne-danne.

Sai ga wata babbar lamba ta fito a kan allo. Koriya shar.

"Casa'in da takwas," in ji Auta. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon. "Yaya, ta koma casa'in da tara. Motsi take yi."

"Batirin ne yake magana da kwamfuta," na ce. "In ta kai ɗari, ya cika. In tana sauka, yana ƙarewa. Ga kuma mintocin da suka rage masa a ƙasa."

"In ta kai sifili fa?"

"Injin ya mutu."

Daga nan na danna wani wuri, na kashe ƙarar nan ta tit, tit.

"Kaka, na rufe masa baki."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Kaka. "Ashe yawon naka yana da rana."

Umma ta tsaya a bakin ƙofa tana goge hannu.

"To yanzu da ba ya ƙara, wa zai gaya mana in ya kusa ƙarewa? Ni da na'urar nan sai dai gaisuwa."

"Ni," in ji Auta da sauri. Ta ɗaga hannu kamar tana aji. "Ni zan riƙa dubawa. Da safe, da rana, da yamma."

Umma ta dube ta da kyau.

"Aiki ne babba, Auta. Abin da kika faɗa, da shi za mu yi aiki. Kuma dubawa kawai. Kada ki taɓa komai a bayan kwamfutar nan."

"Ba zan taɓa ba, Umma."

Haka aka yi. Kullum kafin ta tafi makaranta, sai ta ruga ɗakin ta dawo.

"Ɗari."

In ta dawo da rana, ko takalmi ba ta cirewa.

"Saba'in da biyu. An ɗauke wuta ɗazu, amma yana hawa."

Kaka ta sa mata suna Mai Labarai. Auta kuwa sai ƙara ɗaga kai take yi.

Ni kuma na shiga gari. Yau gidan wannan aboki, gobe shagon wancan. Tun da na haɗa kebul ɗin, ban sake leƙa allon ba.

Akwai tsarabar da na kawo wa Auta. Ɗan filashi ne ja, irin wanda ake soka wa kwamfuta, cike da wasanni. Na ce mata ta bari sai ƙwai sun fashe, sannan mu kunna tare. Ta ce to.

Abin da zan faɗa yanzu ban gani da idona ba. Auta ce ta ba ni labari daga baya.

Ranar Alhamis da yamma ta shiga duba lamba. Ɗari ce, koriya. Filashin yana aljihunta. Umma tana kicin. Ni ba na nan.

"Wasa ɗaya kawai," ta ce a ranta.

Ta leƙa bayan kwamfuta. Ramuka huɗu ne a jere. Ɗaya na abin rubutu, ɗaya na linzamin kwamfutar, ɗaya na kebul ɗin batir. Na huɗu babu komai a cikinsa. Ta sa filashin a nan. Shiru. Wannan ramin ya daɗe da mutuwa.

Ta tsaya tana cizon yatsa. Sai ta zare kebul ɗin batir, ta sa filashin a wurinsa.

Nan da nan wasanni suka fito. Ta zaɓi na tseren mota. Ta ci zagaye na farko. Ta ci na biyu. Tana cikin na uku, ta ji takun Umma.

Ta rufe wasan. Ta fizge filashin. Ta lalubi kebul ɗin, ta cusa shi a rami ba tare da ta duba ba. A mataccen ramin ta sa shi.

Umma ta leƙo.

"Nawa?"

Auta ta dubi allo. Lambar tana nan, ɗari. Amma ba koriya ba ce. Ta koma ruwan toka.



"Ɗari," ta ce.

"Madalla," in ji Umma, ta koma kicin.

Auta ta sake leƙa baya. Ga kebul a cikin rami, kamar babu abin da ya faru. Sai ta ɗauka ta lalata kwamfutar ne. Ta ji tsoron ƙara taɓawa. Ta ji tsoron faɗa.

"Ai dai ɗari ce," ta ce wa kanta. "Launi ne kawai ya canza."

Ba ta san cewa batirin ya daina magana da kwamfuta ba. Lambar da take gani tsohuwa ce, ta ranar Alhamis.

Washegari wuta ta zo da rauni. Fitilu suka yi ja-ja. Fanka tana juyawa kamar mai jin barci. In wuta ta yi rauni haka, batirin ba ya karɓarta. Sai ya riƙa ciyar da injin daga cikinsa. A wannan rana wutar ta yi ta wasa, ta yi ƙarfi, ta yi rauni. Batirin ya ɗan samu, ya ba da da yawa. Da can, da ya cika gidan da ƙara. Amma na riga na rufe masa baki.

"Mai Labarai, nawa?" in ji Kaka.

"Ɗari."

"Da rana ma ɗari?"

"Ɗari, Kaka."

"Ikon Allah. Wannan batiri ya fi ni lafiya."

Kowa ya yi dariya, ban da Auta.

Ranar Asabar da safe, ƙwai suka cika kwana goma sha tara. Saura kwana biyu. Muna karyawa, Abba ya ce janareta yana ta tari kwanan nan.

"Ina so in kai shi wurin mai gyara kafin ranar ƙyanƙyasa," in ji shi. "Auta, je ki dubo mini batir."

Ta je. Ta ɗan jima. Ta dawo tana kallon ƙasa.

"Ɗari, Abba."

"To alhamdu lillahi. Ko an ɗauke wuta, muna da awa huɗu. Kafin nan na dawo."

Na taya shi ɗaure janareta a bayan babur. Ya tafi.

Ba a yi awa ɗaya ba, fanka ta tsaya cak. An ɗauke wuta gaba ɗaya.

Umma ba ta ko ɗaga kai daga wankin da take yi ba.

"Ba komai. Batir a cike yake."

Ina ɗaura takalmi zan fita, sai na ga Auta tsaye a ƙofar ɗakin injin. Tana murza gefen rigarta. Idanunta sun ciko.

"Mai Labarai, lafiya?"

Ta ci gaba da murza rigar.

"Auta?"

"Yaya, in lambar ta koma ruwan toka, me ke nan?"

Na bar takalmi ɗaya a ƙafa, na shiga ɗakin. Ga ɗari a kan allo, ruwan toka. A can ƙasa akwai ƙananan rubutu. Suna nuna lokacin da batirin ya yi magana na ƙarshe. Alhamis, ƙarfe huɗu da minti goma.

"Wa ya taɓa bayan kwamfutar nan?"

Sai ta fashe da kuka.

"Ni ce. Na zare kebul na sa filashi. Na mayar, wallahi na mayar. Amma tun ranar ba ta ƙara motsi ba. Na ji tsoro in faɗa."

Umma ta shigo da kumfa a hannu. Kaka na biye da ita.

Na leƙa baya. Na zare kebul ɗin daga mataccen rami, na sa shi a nasa. Muka zuba wa allo ido.

Ɗarin ta ɓace. Wata lamba ta fito, ja wur.

Tara.

A ƙasa kuma an rubuta saura minti goma sha ɗaya.

"Inna lillahi," in ji Umma. Ta dafa bango.

Na kira wayar Abba. Sai muka ji tana ƙara a falo. Ya manta ta a kan kujera.

Auta ta share hawaye da bayan hannu.

"Yaya, kwamfutar ma daga batirin take sha, ko?"

"E."

"To a kashe ta. A bar wa ƙwai."

Gaskiya ta faɗa. Na fara mayar wa batirin ƙararsa, sannan na kashe kwamfutar. Nan take ya soma. Tit, tit, tit.

"Yi kukanka, ɗan albarka," in ji Kaka. "Yau ba mai hana ka."

Umma ta dawo hayyacinta.

"Kai, bi Abbanku. Auta, kwaso duk bargunan gidan nan. Kada kowa ya buɗe injin. In aka buɗe, zafin zai gudu."

Na fita da gudu. Babu babur. Abin hawa ɗaya ne a gidan, ɗan keken Auta mai kwando a gaba. Na hau. Gwiwoyina suna dukan haɓata. Na bi titi ina kaɗa ƙararrawa. Mai shagon kusurwa ya fito yana riƙe ciki don dariya.

"Samari, ina mai keken?"

Na wuce abina.

Shagon mai gyara yana can bayan kasuwa. Na isa ina haki. Ga Abba zaune a benci. Ga janaretanmu a ƙasa, an warware shi gunduwa-gunduwa. Kusoshi a kwano, tanki a gefe.

"Abba, batir ya ƙare. Tara ne, ba ɗari ba."

Abba ya miƙe tsaye. Ya dubi mai gyara.

"Minti nawa za ka haɗa shi?"

Mai gyara ya sosa ƙeya da sifana.

"Ranka ya daɗe, ko aljani ne ni, sai na yi awa biyu."

Na yi masa bayanin ƙwai a gurguje. Ya dubi nasa janaretan da yake aiki da shi a shago. Tsoho ne, babba, ya yi baƙi da mai.

"Wannan ba zai hau babur ba," in ji shi. "Kawo baro."

Mu uku muka ɗaga shi. Ni na kama baro, Abba ya riƙe gefe, mai gyara yana gaba yana kora mutane.

"A ba da hanya, a ba da hanya. Marasa lafiya arba'in da takwas ne ke jira."

Mutane suna darewa suna tambayar wane asibiti. Ƙafar baron tana kuka. Sau biyu muka faɗa rami. Sau ɗaya ya kusa kifewa. Hanyar da na yi a minti goma a keke, sai da muka yi fiye da awa.

Da muka shiga gida, babu ƙarar tit. Batirin ya daɗe da mutuwa.

Injin ya ɓace a ƙarƙashin barguna. Har bargon Kaka mai nauyi, wanda ba ta yarda kowa ya taɓa. Umma tana ɗumama ruwa a kicin tana cika gorori. Kaka tana jera su a jikin injin, ƙarƙashin bargo. Auta kuwa tana durƙushe da tocila. Ta ɗage bargo kaɗan tana leƙen ma'aunin zafi ta gilashi.

"Nawa?" in ji Abba.

"Talatin da biyu," in ji Auta. "Ɗazu talatin da bakwai ne. Sauka yake yi, Abba. Na duba sau biyu."

Muka ajiye janareta a tsakar gida. Na ja igiya. Shiru. Na sake ja. Ya yi tari ya mutu. Na ja har sau shida.

"Matsa," in ji mai gyara. "Bai san ka ba."

Ya ɗan bubbuga shi a gefe, ya murɗa wani abu, ya ja sau ɗaya. Gidan ya ɗauki ruri.

Daga ɗaki Auta ta ƙwala kira.

"Ya kama! Injin ya kama!"

Muka taru a kanta. Talatin da uku. Talatin da biyar. Aka kwashe gorori da barguna. Da ma'aunin ya kai talatin da bakwai, Umma ta zauna a ƙasa ta sauke numfashi.

Bayan mai gyara ya sha ruwa ya tafi, Abba ya kira Auta falo. Ta tsuguna a gabansa. Ta faɗa masa komai da bakinta. Ta ciro filashin ta ajiye a kan tabarma.

"Sau nawa kika ce mana ɗari bayan lambar ta canza launi?" in ji Abba.

Ta ƙirga a yatsu.

"Sau biyar."

"Da kin faɗa a na farko, me zai faru?"

"Yaya zai gyara kebul."

"Minti nawa zai ɗauka?"

Ta dube ni.

"Ko minti ɗaya ba zai kai ba," na ce.

Abba ya ɗauki filashin ya sa a aljihu.

"Wannan sai an yi hutun makaranta. Zare kebul kuskure ne, Auta, kuma kowa yana kuskure. Amma da maganarki na ɗauki janareta na fita. Wannan shi ne babba."

"Ka yi haƙuri, Abba. Umma, ki yi haƙuri."

Na gyara murya.

"Abba, ni ma da laifina. Na kashe ƙarar batir. Na koya mata karanta lamba, ban koya mata gane lambar da ta tsaya ba. Sannan na tafi yawona."

"Yawwa," in ji Kaka. "A karɓe masa takalma shi ma, sai an yi hutu."

Auta ta yi 'yar dariya cikin hawaye.

"Umma, za su fashe?"

"Sai mu jira Litinin," in ji Umma.

Litinin ta zo. Tun da safe Auta ta manna fuska a gilashi. Ƙwai suna nan yadda suke. Ta tafi makaranta. Ta dawo da gudu. Babu ko tsaga. Da yamma ta kasa cin abinci. Umma ma ba ta ci da yawa ba.

Talata da safe, shiru. Auta ta tafi makaranta ba ta yi wa kowa magana ba.

Ranar ban fita ko'ina ba. Na zauna gaban injin kamar mai gadi. Wajen azahar na ji wani ɗan sauti. Na kasa kunne. Tsiyu. Na leƙa. Ƙwai ɗaya ya tsage, ga ɗan baki yana leƙowa.

Daidai nan Auta ta shigo da jakarta a baya. Na matsa mata kawai.

Ta leƙa. Ta daka tsalle har jakar ta faɗi.

"Umma! Kaka! Ku zo, yana fitowa!"

Ɗan tsakon ya yi ta fama. Ya huta, ya sake turawa. Can sai ɓawon ya rabu biyu. Ya faɗo a jiƙe, yana tangaɗi.

"Dubi ƙafafunsa," in ji Kaka tana gyara tabarau. "Sak na yayanku. Wannan ma ba zai zauna a gida ba."

Kafin magariba goma sha biyu sun fito. Laraba da rana ɗakin ya cika da tsiyu-tsiyu. Auta ta ƙirga su sau uku. Arba'in da uku.

Biyar ba su fashe ba. Umma ta ƙara musu kwana biyu, sannan ta fitar da su.

Auta ta tsaya tana kallonsu a cikin kwano.

"Umma, ni na kashe su?"

Umma ta jawo ta jikinta.

"Ban sani ba, Auta. Dama akwai ƙwan da ba ya fashewa, ko an yi masa komai. Wataƙila waɗannan irinsu ne. Wataƙila kuma sanyin ne. Amma da kin faɗa ranar Alhamis, da yau ba ki yi wannan tambayar ba."

Auta ta gyaɗa kai.

"To me kika koya?"

"In na yi kuskure, in faɗa da wuri, tun yana ƙarami. Kuma kada in faɗi abin da ban tabbatar ba, don ana aiki da maganata."

"Shi ke nan. Je ki sa wa yaranki ruwa."

"Har yanzu ni ce mai dubawa?"

"Wa kike so in sa? Kaka?"

A makon nan na zauna na koya mata sosai. Ta duba lamba. Ta duba launi. Ta duba lokacin da ke ƙasa, ta ga ko ya yi daidai da agogon bango. In ɗaya ya saɓa, ta faɗa nan take. Ƙarar batirin kuma muka bar ta a kunne. Kaka ta ce ta saba.

Ana haka aka kira ni daga wurin aiki. Akwai sabbin turaku da za a kafa a wani gari mai nisa. Tun kafin in ajiye wayar, ƙafata ta fara ƙaiƙayi.

Da safe na shimfiɗa jaka a ɗakin baƙi ina ninke kaya. Umma ta sa sababbin ƙwai a injin tun jiya. Auta ta leƙo da kayan makaranta a jikinta.

"Yaya, tamanin da shida. Koriya. Lokacin ya yi daidai da agogo. Yana hawa."

"Aikinki ya yi kyau."

"Akwai kuma wani abu." Ta ɗan sunkuyar da kai. "Da na je sa wa 'yan tsaki abinci, na manta ban rufe kwalinsu ba. Ɗaya ya fita. Na nema ban gani ba. Yanzu-yanzu abin ya faru."

"Kin gaya wa Umma?"

"Ita na fara gaya wa."

Na miƙa hannu zan ɗauki takalmina na aiki. Sai na ji tsiyu. Ɗan tsakon yana kwance a ciki, ya lumshe ido.

Auta ta sa hannu biyu ta ɗauke shi a hankali. Ta fita tana kiran Umma. Ni kuma na kakkaɓe takalmin, na sa, na ja zif ɗin jakata.